Gogen Ya Yi Mata Girma

Shafi na 19

Masu cika mini akwatin saƙo da tambayar abin da ya kashe hannun Auta, ga amsarku yau. Mai saurin fushi ya nemi wuri ya zauna tukuna.

*

Ɗakin da nake koyarwa yana ƙasan bene, jikin wurin ajiye karyayyun kujeru. Nan Malam ya ajiye ni tun da yatsuna biyu na hagu suka lanƙwashe suka ƙi miƙewa. Aikina in koya wa 'yan farko yadda ake ɗora goge a kafaɗa, da yadda ake riƙe baka ba kamar guduma ba.

Duk abin da ake kaɗawa a ɗakinsa na sama ta silin yake sauko mini. Na saba, har na daina ji.

Ina cikin gyara wa wata yarinya gwiwar hannu sai wani sauti ya sauko.

Na tsaya cak.

Kowane goge da muryarsa. Wannan a tsirkiyarsa ta ƙasa akwai 'yar dusashewa, kamar ta mutumin da ya tashi daga barci. Tun ina shekara tara yake manne da haɓata, har ranar da hannuna ya ci amanata a gaban cikakken zaure. Ni na naɗe shi da tsohon mayafi na tura shi can bayan kabad a ɗakina, ban sake buɗe shi ba.

“Ku ci gaba da jan baka a kan tsirkiya ta biyu,” na ce wa yaran. “Ina zuwa.”

Ban taɓa shiga ɗakin Malam ban ƙwanƙwasa ba. Ranar na tura ƙofar kawai.

Tsigi ce, 'yar yayata. Ƙanƙantarta ta sa muka laƙaba mata sunan. Tana tsaye a daidai inda kafet ɗin ya cinye, inda ni ma na yi tsayuwata. Kafaɗarta ta hagu ta ɗago har tana neman taɓa kunne. Wuyanta ya karkace. Ƙaramin yatsanta ya miƙe iya miƙewa yana neman wurin da bai isa ba.

Gogena ne a wuyanta. Cikakke, na manya.

“Anti, kin ji ni?” Ta washe baki, giɓinta a waje. “Kin ji yadda ya cika ɗakin?”

Malam yana kan kujerarsa da kofin shayi. Ko juyowa bai yi ba.

“Malama ƙarama. Ƙwanƙwasa ƙofa ba ya cikin abin da aka koya muku a jami'a?”

“Ka yi haƙuri, Malam.” Bakina ne ya faɗa da kansa, don ya saba. “Tsigi, bar shi a kafaɗarki. Miƙe hannunki gaba.”

Ta miƙe.

Wannan gwaji ne da nake yi wa kowane yaro ranar da aka kawo shi. In gogen daidai da shi ne, tafin hannunsa zai rufe kan gogen, wurin da katakon ya nannaɗe, har gwiwar hannu ta ɗan saki. Tsigi ta miƙe har tana ɗage, bakin yatsunta ko maɗaurin tsirkiya bai kai ba.

“Ina naki, ƙaramin?”

“Kaka ta ce na jarirai ne.”

“Je ki sha ruwa. Ki jira ni a matakala.”

Ta kalli Malam. Sai da ya ɗaga mata gira sannan ta ajiye gogen ta fita.

“Ya yi mata girma,” na ce.

“Na lura. Ina da ido.”

“Ko na tsakiya ba ta isa riƙewa ba tukuna.”

“Zauna, Auta. Tsayuwarki tana sa ni ciwon wuya.”

Ban zauna ba.

Ya juya cokali a kofin a hankali.

“Gasar da za ta shiga ta 'yan ƙasa da shekara goma ce. Sau ɗaya yaro yake samun shigarta. Alƙalai a can ƙarshen zaure suke zama. Yaro mai ƙaramin goge ba jin sa suke ba, tausayinsa suke ji. Ni kuma ba na kai yara a tausaya musu.”

“Hannunta bai gama ƙwari ba.”

“Naki ma bai gama ba lokacin. Kin ci ko ba ki ci ba?”

Na kalli hannuna. Yatsan zobe da ƙaramin suna dunƙule a tafin, kamar suna ɓoye wani abu.

“Malam, lokacin da wannan ya same ni, ka ce tsoro ne.”

“Na ce.”

“Ka ce a kaina ciwon yake. Ka ce na yi sakaci da atisaye, na bar yabo ya shiga kaina.”

“In ɗalibi ya faɗi, sai ka ba shi abin da zai iya gyarawa. Me za ki yi da abin da ba ya gyaruwa?”

“To mene ne ba ya gyaruwar?”

Sai a nan ya kalle ni sosai.

“Au. Har yanzu mahaifiyarki ba ta gaya miki ba?”

Na girgiza kai.

“Kin tuna lokacin da hannunki ya kumbura, kina 'yar sha ɗaya? Ta kai ki wurin likitan ƙashi.”

Na tuna. Na tuna benci mai sanyi, da aka ce in jira a waje manya za su yi magana.

“Likitan ya ce a mayar da ke kan ƙaramin goge, ki huta shekara guda. Ya ce jijiyar tana miƙewa fiye da ƙarfinta, in aka ci gaba za ta yi shiru yanzu, ta tashi nan gaba. Daga asibitin nan ta zo. A wannan kujerar ta zauna, wadda kika ƙi zama a kai.”

“Ka ce mata me?”

“Gaskiya. Ni ba na yi wa iyaye ƙarya. Na ce in kin huta shekara, waɗanda ke bayanki za su wuce ki, ba kuma za ki kamo su ba. Na ce a cikin yara biyar da na ɗora wa babban goge da wuri, hannun uku ya ɗauka, hannun biyu bai ɗauka ba.”

Ya kurɓi shayinsa.

“Tambaya ɗaya ta yi mini. Ta ce, in ya ɗauka, har ina za ta kai?”

Na jira.

“Shi ke nan. Ba ta tambayi in bai ɗauka ba.”

Daga ƙasa ina jin yarana suna ta jan tsirkiya ta biyu, kowa da nasa karkataccen sautin. Ba wanda ya ce su daina.

“Ka bar ni ina zagin kaina,” na ce.

“Na bar ki kin hau jirgi. Na bar ki kin kaɗa a zaurukan da ni ko ƙofarsu ban taɓa gani ba. Mutane sun miƙe tsaye suna tafa miki har tafinsu ya yi ja. Waɗanda na bari a kan ƙaramin goge suna nan lafiya lau, suna buga takardu a ofis da yatsu goma cif. Je ki tambaye su wa ya more.”

“Ni kuma ina ƙasan bene.”

“Ƙasan benen da na ba ki. Akwai masu so, in kin gaji da shi.”

Na kai hannu zan ɗauki gogen daga kan tebur.

“Bar shi inda yake. Ba ke kika kawo shi ba, ba ke za ki mayar ba. Yarinyar nan ta fi ki kunne, Auta. Kin ji da kanki, shi ya sa kika hauro a guje. Ki tabbata tausayi ne ya hauro da ke, ba wani abu ba.”

Na tsaya da hannu a iska.

Na fita.

Tsigi tana kan matakala, ta zauna a kan hannunta na hagu, ta danne shi da cinya. Ba wanda yake koya wa yaro wannan zaman. Da kansa yake gano cewa ɗumin yana rage zugi.

“Yana ciwo?”

“A'a.”

“Tsigi.”

“Sanyi nake ji kawai.”

Gumi ne a goshinta.

Da aka tashi ita ta shiga ta ɗauko akwatin gogen. A mota na ce ta kawo in riƙe mata, ta ƙanƙame shi a ƙirji. Ya kusa kai tsawonta.

*

Mun tarar da Mama a falo a kan keken ɗinki, tana haɗa rigar da Tsigi za ta sa ranar gasa, shuɗiya mai naɗi a kafaɗa. Fil uku a bakinta. Yaya ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ko farar rigarta ba ta cire ba, tana tsinke ganye a tire.

“Ga tauraruwata,” in ji Mama ta gefen baki. “Zo in gwada tsawon. Ke kam ba ki da niyyar girma, yadin ma ya yi mini saura.”

“Ke ma ai ba ki da tsawon, Kaka.”

“Ji mini 'yar nema. Wuce ɗaki ki maimaita wurin da Malam ya ce. Ina ji daga nan.”

“Ta huta yau,” na ce.

Mama ta kalle ni ta saman tabarau. “Wuce, Tsigi.”

Ta wuce. Ba a jima ba gogen ya fara.

Na ajiye jakata.

“Mama, wa ya sauko da gogena?”

“Wanda kika binne a bayan kabad? Ni. Da wannan gwiwar tawa na hau kujera. Abu yana can ƙura tana ci.”

“Me likitan ƙashi ya ce miki ranar da aka ce in jira a waje?”

Keken ya tsaya.

Ta cire fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta soke su a hannun rigarta.

“Tsohon nan bakinsa ba ya riƙe magana.”

“Me ya ce?”

“Ya ce ki huta. Likita ai bai san wata kalma ba sai a huta. Ubanku ma an ce ya huta, ya kwanta ya huta. Ya hana shi tafiya?”

“Kika dawo gida kika dafa mini ruwan zafi da gishiri, kika ce girma ne yake taɓa ni.”

“Kumburin bai sauka ba?”

“Ya sauka.”

“To.”

“Da kin tambaye ni.”

“In tambayi 'yar sha ɗaya?” Ta yi 'yar dariya. “Ke da kike kwana da gogen a gefen matashi? Kuka za ki yi ki ce a bar miki abinki. Na ɗauke miki nauyin zaɓi, na ɗora a kaina. Abin da uwa take yi ke nan.”

“Bayan hannun ya mutu fa? Kina zaune a nan kina kallona ina ɗaure yatsuna da roba ina jan su har na yi kuka. Kina ji ina cewa ni na jawo wa kaina, ni ce matsoraciya. Abinci kike turo mini.”

“Da na faɗa miki sai me? Ki tsane ni, hannun kuma bai dawo ba. Asara biyu ke nan.”

Ba ta sunkuyar da kai ba. Na so ƙwarai ta sunkuyar, ko sau ɗaya.

Na juya wurin Yaya. Tun da muka fara ba ta ɗago daga tiren ba.

“Yaya, kin ji fa. Abin da aka yi mini shi ake yi wa 'yarki. Ko kan gogen hannunta ba ya kaiwa.”

“Na ji tun kafin ki ji.”

“Kamar yaya?”

“Ina bakin ƙofar likitan ranar. Ke kina kan benci kina kaɗa ƙafa, ni ina tsaye riƙe da akwatin gogenki. Ƙofar ba ta rufu sosai ba.” Ta jefa ganye a tire. “Ni ce mai riƙo ai. Akwati, jaka, rigar sanyi, ruwan sha. Duk hoton da aka yi miki, in kika duba gefe za ki ga gwiwar hannuna.”

“Kin sani, kuma kika yarda?”

“Kin san ni na fara cewa ina so? Kafin a san za ki iya. Mama ta kai mu tare. Tsohon ya juya hannuna kamar mai duba kifi a kasuwa, ya ce wannan a kai ta kimiyya. Ya kama naki ya yi shiru. Daga ranar gidan nan ya zama naki.”

“Ban roƙa ba, Yaya.”

“Ba ki ƙi ba kuma.”

A ɗaki Tsigi ta kai wani wuri mai wuya ta yi tuntuɓe, ta koma baya ta sake.

“Man zafin da na gani a jakarta, ke kika sa?”

“Ni. Safe da yamma nake shafa mata.”

“Ke nan kin san yana ciwo.”

“Na san yana ciwo. Takalmi sabo ma yana ciwo.”

“Malam ya gaya miki biyu cikin biyar?”

“Ya gaya mini uku cikin biyar.” Ta ɗago ta kalle ni. “A kantinmu muna sayar da magungunan da ba su kai haka ba, mutane suna layi a kansu.”

Na matsa na ɗora hannuna na hagu a kan tiren, a kan ganyen.

“Duba shi. Ba wai a hoto ba, duba shi a nan. Maɓallin rigata da haƙori nake taimaka masa. Yara suna tambayata me na ɓoye a hannu. In na nuna musu yadda ake danna tsirkiya, sai na kama yatsan wani yaron na nuna da shi.”

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa, har na ɗauka na same ta.

“Na gani,” ta ce. “Ɗaga kanki ki duba bango.”

Ban ɗaga ba. Na san abin da ke wurin. Ni da doguwar riga, ni da furanni, ni ina sunkuyo wa mutane.

“Ke kin samu kin rasa. Ni ban samu ba balle in rasa, kuma ga yatsuna goma, ban ga abin da suka tsinana mini ba sai ƙirga ƙwaya. An ce 'yata ta fi ki. Karo na farko da aka ce wani abu nawa ya fi naki. Shi ne za ki zo mini da gwajin hannu?”

“Ba ke za ki biya ba, Yaya. Ita ce.”

“Ita ma za a tafa wa.”

Mama ta taka keken, ya ɗan yi gudu ya tsaya.

“Kun gama? Auta, cire hannunki daga abincin mutane.”

Na cire.

Duk rayuwata ban taɓa ɗaga murya a gidan nan ba. Ranar ma ban ɗaga ba.

“Gogen nawa ne. Zan shiga in karɓa. In tana son gasar ta shiga da ƙaramin, ni zan koya mata, ko da ta zo ta ƙarshe.”

“In kika taɓa gogen nan,” in ji Mama, tana gyara bakin yadin a ƙarƙashin allura, “ki haɗa da kayanki ki fita da su tare.”

“Mama.”

“Kin ji ni. Na yi wa ɗaya, ta kai inda ta kai. Ba zan zauna in ga an kashe wa ta biyu hanya saboda ke taki ta ƙare ba.”

Na kalli Yaya. Ta koma kan ganyenta.

Na nufi ƙofar ɗakin.

Tsigi ta wuce wurin tuntuɓen. Tana hawa yanzu, sautin yana ta yin sama, tsaf, ba ko gargada. Malam bai yi ƙarya ba, ta fi ni. Hannuna yana kan mariƙin ƙofa na kasa murɗawa, don ban taɓa jin gogen nan ya yi irin wannan kukan ba ko a hannuna.

Duk mu ukun mun san waƙar. Mun san a ƙarshen hawan akwai sauti guda, can sama, wanda sai ƙaramin yatsa ya miƙe ya kamo shi. Mama ta ɗaga ƙafa daga keken tana jira. Yaya ta tsaya da ganye a hannu.

Sautin bai zo ba.

Baka ya goga tsirkiya ya yi wata 'yar ƙara, sai shiru.

“Koma daga farko,” Mama ta ce da ƙarfi.

Gogen bai sake farawa ba.

“Tsigi, da ke nake.”

Mariƙin ya motsa a cikin hannuna. Na ja baya, ƙofar ta buɗe.

Tana tsaye, baka a hannun dama. Gogen yana reto a hagunta, ta riƙe shi ta wuya, gindinsa yana taɓa ƙasa. Ba kuka take ba. Idonta ne kawai ya yi girma.

Ba uwarta ta kalla ba, ba kakarta ba. Hannuna ta kalla, sannan fuskata.

“Anti,” ta ce a hankali, “yatsana ya ƙi tashi. Don Allah kar a faɗa wa Malam.”